Tasi'u, Mara Lafiyar da Ya Sa Masu Dubiya Aiki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga Oktoba, 2024, Allah Ya karɓi ran taubashina, Malam Tasi'u, a ƙauyenmu da ke kusa da Shanono, bayan fama da ciwon dajin hanta.

Tasi'u, ni na raka ka asibiti a Kano ranar da likita ya ce ciwon ya bazu, sai dai maganin rage zafi. Ni nake kuka, kai kana lallashina. Da muka fito ka ja ni wurin mai tsire, wai an hana ka nama don ka warke, tunda babu warkewa dokar ta faɗi.

Labari ya zaga gari, masu dubiya suka yi ta zuwa da fuska a murtuke. Ka sa aka ajiye buhun gyaɗar iri kusa da tabarmarka. Duk wanda ya zauna ya fara sauke ajiyar zuciya, sai ka tura masa ƙwarya ka ce ya ɓare. Liman ma bai tsira ba. Mutane suka gane, suka koma shigowa da murmushi, su ma ka ba su gyaɗar. Kafin ruwan shuka, irin unguwa guda ya ɓaru.

Sai maganar tsamiyar kan iyakar gona, wadda kuka tsufa kuna rigima a kanta da maƙwabcinka Sama'ilu. Ka dogara sanda ka je ka ce ka bar masa. Ya rantse ba zai karɓi tsamiya daga hannun mara lafiya ba, ka rantse sai ya karɓa. Murya ta tashi har mai unguwa ya sake zaman sulhu, yana cewa bai taɓa ganin shari'ar da kowa ke neman a kayar da shi ba.

Matarka Aina'u kuwa, ranar da ka yabi tuwonta karon farko tun aurenku, da gudu ta zo gidana ta ce ciwon ya taɓa kanka.

Ganina da kai na ƙarshe, ka rame, zafi ya hana ka juyawa. Aina'u na zaune a bakin ƙofa, ta wuni ba ta sa komai a baki ba. Ka yafito ni, na sunkuya ina jiran wasiyya. Ka ce, "Muntaka, kai ka iya ƙarya. Gaya mata na ji sauƙi, ta je ta ci abinci."

Na gaya mata, ta kuma ci.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, Ya yalwata kabarinka. Aina'u, 'ya'yanka Raudatu da Abdulbasit, da sauran dangi, Allah Ya ba mu haƙuri. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.