Allurar mura kafin Umra

Sanarwa ga jama'ar Fagge: na ajiye muƙamin likitan gidanmu.

Jiya a wani asibitin Sabon Gari na damƙe hannun mai allura, ana shirin yi wa matata rigakafin mura saboda Umra. Amosanin gaɓɓai gare ta, maganinta kuwa yana raunana garkuwar jiki.

"Ƙwayar cuta za ku ɗura mata?" Haka na tambaye shi.

Likitanta ya leƙo. "Matacciya ce, Alhaji. Mai rai a hanci ake fesawa, ita muke hana masu raunin garkuwa. Murar cunkoson Makka ce abin tsoro."

Hajiya ta ce, "Baban Amina, saki bawan Allah, ka riƙe nawa hannun."

Na riƙe, yatsunta duk a kumbure. Ni ne da kuskure. Ku ma tsoro ya taɓa sa ku yin irin wannan?