Baƙon da Na Kora Daga Ƙofar Yayana

Tun ina yaro an san ni da saurin baki, da na yi boko kuwa sai abin ya ƙaru. Yayana ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya girme ni da shekara goma sha biyar. Tela ne a kasuwar Karaye, kuma in ka cire keken ɗinkinsa, babu abin da ya ɗauka da girma kamar dubiya. Ko a Yammedi ya ji wani ya kwanta, zai rufe shago ya tura tsohon babur ɗinsa har ya tashi, ya tafi. Ba ya aike, ba ya bugo waya. A wurinsa gaida mara lafiya da ƙafa ake yi.

Yana da amini guda, wani malamin allo a Jajaye, can ƙasar Rogo. Tare suka yi karatu suna yara, tare suka sha bulala. Sun haura shekara arba'in suna zumunci, kuma duk haɗuwa sai sun yi gardama a kan wanda ya riga wani sauka. Malam ba ya riƙe waya. In kana son sa, sai ka je ko ka aika.

A shekarar da korona ta shigo aka rufe makarantu, ni da nake koyarwa a sakandare na koma zaman gida, waya a hannu safe da yamma. Na karanta abin da ya fi ƙarfin kaina. Rannan Yaya ya tashi da zazzaɓi da tari, ya kuma ture kwanon tuwo ya ce miyar ba ta da ɗanɗano. Matarsa ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya saba. Ni kuwa ban yarda ba. Na buɗe wani shafi a intanet, irin wanda mutum ke shigar da abin da yake ji a jikinsa a faɗa masa abin da ake zato. Na tsaya daga bakin ƙofa ina karanto tambayoyin ina mayar masa da su Hausa.

"Tarin busasshe ne ko da majina?"

"Wai wayar ce likita yanzu?" in ji shi. "To tambaye ta yaushe zan koma shago, ɗinkin mutane na jira."

Shafin ya ce mai yiwuwa ƙwayar cutar ce, a killace mutum sati biyu, in numfashi ya yi wuya a garzaya asibiti. Gaskiya shawarar ba ta da laifi, kuma har yau ban ce killacewar kuskure ba ce. Abin da ya biyo baya babu shafin da ya sa ni, ni na ƙirƙiro kayana.

Muka mayar da shi tsohon ɗakin mahaifiyarmu, can ƙuryar gida, inda ko sallama ba a ji daga waje. Ana ajiye masa abinci da maganin kemis a bakin ƙofa. Tun ranar farko ya ce in je tasha in ba direban Rogo saƙo a gaya wa Malam ya kwanta. Na je na bayar ba tare da na yi wani tunani ba. Sannan na sa takunkumi na kafa kaina a kan dakalin ƙofar gida, duk wanda ya zo in ce an gode, likita ya hana shiga. Wai likita! Ni da wayata.

Da la'asar na leƙa shi, ya tambaye ni ta bayan labule, "Wa ya zo?" Na lissafa masa: liman, mahauta biyu, maƙwabcinsa na kasuwa. Kafin in rufe baki sai ga shi ya fito da mayafi, yana dafa bango yana tari, wai zai bi liman ya ba shi haƙuri. Da ƙyar na mayar da shi, ina ta faɗa kamar ni ne babba. Nan na yanke shawara, washegari da ya sake tambaya na ce, "Ba kowa."

Sai ya ce, "To, kowa na tsoron ransa. Ba laifi."

Rana ta shida, wajen azahar, unguwa tsit, sai ga ɗan acaɓa ya sauke Malam. A lokacin mota wuya take yi, tun safe ya baro Jajaye. Rigarsa duk ta yamutse, yana riƙe da gorar rubutu da kwalbar zuma. Na miƙe na gaishe shi daga nesa, ya miƙo hannu na noƙe nawa.

"Allah gafarta Malam, ba a shiga."

"Ƙanina, ai ni ba baƙo ba ne. Daga bakin ƙofa zan tsaya, in yi masa addu'a in juya."

Da na bar shi ya tsaya a tsakar gida, da nisa tsakaninsu, me zai faru? Shafin ma cewa ya yi a ba da tazara. Amma na san Yaya, na san zai fito ya rungume shi. Ga rana, ga tsoro, ga kwana shida ina fama da mutane. Malam ya taka ƙafa zai shiga zaure, ni kuma na sha gabansa, bakina ya kufce.

"Malam, wannan ba cutar rubutu ba ce! Irin wannan taurin kan naku ne zai ƙarar da mutane. Mu nan gidan ba ma buƙata, ka koma da kayanka."

Wallahi haka na faɗa, ga mutumin da ya taɓa goya ni. Ya dube ni. Ya gyara rawaninsa, ya juya ya bi hanyar tasha a ƙasa, don ɗan acaɓan ya riga ya tafi. Ina kallon bayansa har ya sha kwana, ina kuma gaya wa kaina wai na ceci rai biyu.

Da yammar nan Yaya bai ce wa ya zo ba. Cewa ya yi, "Ka tabbata direban nan ya kai saƙo?"

"Ya kai."

"Kuma mutumin Jajaye bai zo ba?"

"Bai zo ba."

Na ji ya juya a kan gado. Abincin ranar a bakin ƙofa ya huce.

Allah ya tashi kafaɗunsa kafin sati biyun su cika. Ba mu taɓa yin gwaji ba, har yau ba mu san ko korona ce ko sauro ba. Da ya fito aka yi ta zuwa barka, ƙaryata kuwa ta tonu tun kafin a gama gaisawa, kowa na cewa mun zo ƙaninka ya tare hanya. Yaya ya yi ta dariya har da hawaye, yana nuna ni yana cewa, "Ku ga ɗan banza, ashe soja na ajiye a ƙofa!" Da aka watse ya jawo ni gefe, fuskarsa a sake, ya ce, "To faɗi gaskiya yanzu, shi ma ya zo ko?"

Nan ne wurin da ya kamata in faɗa. Amma in na ce ya zo, Yaya zai hau babur a ranar, kuma zai ji abin da na gaya wa Malam. Kunya ta rufe ni. Na ce, "Shi kam bai zo ba."

Daga nan Yaya ya daina ambatonsa. Malam ma, da yake mai kawaici ne, kuma ya ji an ce gidan ba a buƙatarsa, bai sake aikowa ba. Kullum ina cewa gobe zan je Jajaye in durƙusa, gobe zan gaya wa Yaya. Haka wata huɗu suka wuce.

Ina zaune a shagonsa wani ɗan kasuwar Rogo ya ce Malam na kwance, ciwon ciki ya matsa masa. Na zuba wa Yaya ido, ina jiran ya miƙe ya nemi makullin babur kamar yadda ya saba yi wa kowa. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya," ya ci gaba da taka keke. Na so in faɗa masa gaskiya a nan take. Akwai mutane a shagon, sai na ce bari a ragu. Da aka ragu na ce bari sai da safe. Kwana uku bayan nan aka aiko Malam ya rasu.

Ni na tuƙa mu a babur ɗin Yaya zuwa ta'aziyya. Bayan an shafa fatiha babban ɗan Malam ya matso kusa da Yaya, ya ce, "Baba ya yi ta tambayarka. Ya ce tun ranar da ya je Karaye aka hana shi ganinka bai san laifin da ya yi maka ba, in akwai ka yafe masa."

Yaya bai dube ni ba. Ya amsa da cewa babu komai, ya zauna har aka yi la'asar.

A hanyar dawowa, mun wuce Rogo kaɗan, ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Muka sauka a gefen wata gonar dawa. Na faɗa masa komai, har kalmomin da na yi amfani da su, ina kuka ina cewa ya yafe mini. Na so ya zage ni, ko ya mare ni, da na fi samun sauƙi.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Kai ƙanina ne, na yafe maka tun kafin ka gama magana. Amma ni na ji yana kwance na ƙi zuwa, da gangan, don in rama. Wannan ba kai ka yi ba, ni na yi. Shi kuma ga shi an rufe shi. Wa zan je in roƙa?"

Ya ce in wuce da babur ɗin, yana son ya ɗan taka.