Hafiz da Shatu Uku

Ina gindin maina a tashar Ƙonni, ina jiran fasinja bisa babur ɗina, Raihanatu, ƙanwar abokina Hafiz, ta kira ni a salula. Ta ce, "Yaya Tanimun, Hafiz ya rasu." Na kashe babur ɗin, na zauna ƙasa. Ranar Asabar ce, cikin watan Oktoba na 2007.

Tare muka shiga lakwal a Tsarnawa. Ni na tsaya a aji shida na kama kabu-kabu, shi ya wuce koleji. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, ƙanwarta Inna Shatu ta raine shi da abin da take samu a ɗan fegin albasarta. Bai yi karatun kwamfuta a ko'ina ba. Wani shagon intanet ne a Ƙonni ya ɗauke shi yana buga wa mutane takardu, can ya koya wa kansa. Mutum ne siriri mai yawan dariya, ba ya shan shayi sai ya huce sarai. Ina ce masa Injiniya, shi yana ce mini Direban Jirgi.

A shekarar da ta gabaci rasuwarsa, ƙungiyar masu noman rani ta raba irin albasa, Inna Shatu ba ta samu ba. Sunanta Shatu Ado, kuma Shatu Ado uku ne a littafin ƙungiyar. An kira suna, wata ta amsa sau biyu bisa kuskure, Inna Shatu kuma ta koma gida da kwano wayam. Wannan abu ya tsaya wa Hafiz a rai. Ya je buron ƙungiyar ya ce zai yi musu shafi a intanet, wanda wakilansu na Malbaza da Illela za su buɗe su ga jerin manoma, kowa da garinsa a gefen sunansa.

Da ya haɗa shafin, sunaye suka fito ras. Amma a gurbin gari, sai wani dogon rubutu marar ma'ana, iri ɗaya tun daga sama har ƙasa. Ya bayyana mini cewa garin ba kalma ɗaya ba ce a cikin na'urar. Kamar ƙwarya ce a cikin ƙwarya: a cikin bayanin manomi akwai gari, a cikin garin kuma akwai sunansa da gundumarsa. Jerin yana ɗauko ƙwaryar ne a rufe. Ya karanta cewa da ɗigo ake shiga ciki, sai ya rubuta Suna.Gari, yadda bakinmu ke faɗin sunan gari. Shafin gaba ɗaya ya ƙi buɗewa. Saura kwana biyar a raba iri, sakataren ƙungiya kuma har ya fara kaɗe ƙurar tsohon littafi.

Na sami Hafiz da hantsi ya dafe kai, jikinsa ma da zafi. Na tsokane shi, na ce Injiniya ya ɓace a cikin akwati. Ya nuna mini abin da ya rubuta. Ni ban san komai ba a nan, sai dai na gaya masa yadda aikina yake. Fasinja kan ce a kai shi wurin Illo na gidan Wakili a Dogarawa, amma ni Dogarawa nake fara shiga, sannan gidan Wakili, sannan in yi sallama da Illo. Ya juya kalmomin, Gari.Suna, ya danna. Garuruwa suka zubo: Badagishiri, Dogarawa, Tsarnawa. Ya sa yatsa a kan gilashin yana bi har ya kai ga Shatu Ado ta Tsarnawa, ya daɗe bai ɗauke yatsan ba.

Ranar rabon bai iya tashi ba, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ni na ɗauki Inna Shatu a babur. Aka kira suna haɗe da gari, ta amsa, ta ƙulle irinta a bakin zane. Da la'asar na je ɗakinsa in gaya masa. Washegari aka wuce da shi asibiti, ban sake samunsa da magana ba. Allah Ya jiƙanka, abokina, Ya sa ka huta.

Da la'asar ɗin nan ta ranar rabo, na tarar da shi a kan tabarma, ya rame, amma yana ganina ya ɗago kai.

"Direban Jirgi, ta samu?"

"Ta samu, Injiniya. Su ukun duka sun samu."

Ya lumshe ido yana murmushi. "Ba ka yi gudu da ita ba dai?"

"Ita ta riƙa ce mini in ƙara wuta."

"Ƙarya kake," ya ce, yana dariya har da tari. "Miƙo mini shayin nan, ya huce."