Albasar Garin Mutane

Jiya na ɗauki albasa a kanti, sai kakata ta Kiyako ta faɗo mini a rai. Ina nan Turai ina aikin jinya ta rasu.

A wajenta ba ɓarawo ne abin tsoron baƙo ba, ruwan gari ne da iskarsa, maganinsu kuwa albasar garin. Ranar da na je sallama na tarar tana tsinke zogale a inuwar rumbu, zanenta na ƙanshin hayaƙi da daddawa. Na yi ta ba ta labarin ƙanƙara da rigunan sanyin da na saya. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Maigida, kana sauka ka ci albasarsu ɗanya kafin ka sha ruwansu. Ƙasa ba ta cutar wanda ya ɗanɗana ta."

Na sauka, na saya, na ci. Daga baya na duba jikin ledar, ashe daga Masar aka kawo ta. Da ta tambaye ni a waya na ce na ci. Ta ce, "To, yanzu sun san ka."

Har yau ban ga kabarinta ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ba baƙuwa ba ce a inda ta sauka.