Man Shanun Inna da Likitan Ido

Mun tashi da asuba daga Zango, ni da Inna da wata kwalba da ta ƙudundune cikin mayafi. Daura muka nufa, wurin likitan ido. Inna ta tsufa tana ɗinkin hula, amma tun bara layin zare ke karkace mata, tsakiyar abin da take kallo kuma ya yi dishi-dishi. Tsoronta ɗaya, kada a ce ta ajiye allura.

Mota ta cika maƙil, har da akuya a but ɗin baya. Da direba ya faɗi kuɗin mota, Inna ta yi salati, ta ce ko Makka zai kai mu? A hanya, gero ya fid da kai hagu da dama, gwanin sha'awa.

A asibiti aka ɗiga mata magani, likita ya haska idon, aka ɗebi jini. Sai bayan azahar ya kira mu. Ya ce kitse ya yi yawa a jininta, ga kuma ɗigo-ɗigon maiƙo sun taru a can bayan ido, wurin da ke ganin ƙananan abubuwa. Tsufa ne babban dalili, in ji shi, amma masana na ganin kitsen jini na da hannu. Sai ya juya wajen Inna.

"Hajiya, me kike yawan ci?"

"Man shanu, ɗan nan. Tun da idon ya fara na ninka shi, kakata ta ce yana ƙara gani." Ta zaro kwalbar nan. "Ga naka ma, ba a zuwa hannu rabbana."

Likita ya yi dariya har da cire tabarau. Ya ce Allah ya taimaka mun zo da wuri. A rage mai da soye-soye, a yawaita zogale da alayyafo da kifi, ga magani, a riƙa dawowa.

"Allurar fa?" in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa.

"Ki ci gaba da ɗinkinki, ki dai zauna inda haske yake."

Wallahi sai da na yi ƙwalla don murna. Muka biya ta rijiyar Kusugu, muka sayi kwaɗon zogale a bakin hanya, Inna na ci tana yatsina fuska.

Kafin magariba muna gida. Tafiyar ta koya mini cewa ciwon ido kan faro daga tukunya, kuma gwajin jini ba sai an kwanta ba. Kwalbar dai likita bai karɓa ba, maƙwabciya ta samu. Washegari da hantsi na tarar da Inna a tsakar gida, hula a cinya, tana mitar miya ba ƙamshi, allura na tafiya.