Hannun Sahabi

Har gobe ranar da munka jefa ƙuri'a kan motar Sahabi ba ta fita raina ba. Ina ma'auni a lokacin, a wani kamfanin sayen hatsi da ke Isa, damanar da manajanmu Malam Umaru ya yi ritaya.

Malam Umaru, wallahi, ko tarinsa ka ji sai ka gyara tsayuwa. Amma in za a yanke magana, ɗaya-ɗaya yake kiranmu bayan sito, ya ce, "Babu mai jin ka, faɗa mini gaskiya." In ya gama saurare ya yanke. In abu ya ɓaci, shi ke zuwa Sakkwato ya sha faɗa.

Wanda anka turo bayansa yaro ne mai fara'a. Ya ce babu oga babu yaro, kowace shawara a zauna a ɗaga hannu, masu rinjaye su ci. Mun yi murna ƙwarai, har da tafi.

Ranar nan akwai lodin gero zuwa Sabon Birni. Sahabi direba ya raɗa mini cewa ruwa ya cinye ƙarƙashin wata kwalbati, babbar mota ba ta wucewa. Anka zauna. Baba Dikko mai kula da sito, dattijon cikinmu, ya ce mai saye na jira, a tafi kawai, ya ɗaga hannu. To, wa zai bar hannunsa ƙasa? Rabinmu a gabansa munka girma. Sahabi kuwa ɗiyarsa yake aure, ko sunansa ba ya faɗi. Ya sadda kai, ya ɗaga.

Manaja ya yi murmushi ya ce, "Kun gani? Baki ɗaya."

Kwalbatin ta rufta da motar. Allah ya tsare rai, geron dai ya tafi. Da Sakkwato sunka tambayi wanda ya ba da izini, manaja ya ce ma'aikata ne, direban ma da hannunsa a sama. Sahabi kaɗai anka sallama.

Yanzu kabu-kabu yake yi a Sabon Birni. Kwanaki ya ɗauke ni, na ce masa za ni Turba gaida Malam Umaru, ina kewarsa.

"Ka gaishe shi," ya ce. "Da shina nan, ko da na tafi, cewa zai yi shi ya aike ni."