Buta da Kwalbar Awon Ruwan Kawu

Ni na jawo, ba zan ɗora wa kowa ba. A shekarar da wata ƙungiya mai aikin sauyin yanayi ta zo raba ma'aunin ruwan sama a ƙauyukan Talata Mafara da Bakura da Maradun, ina koyarwa a wata firamare a cikin Mafara. Malamin gonar da aka ɗora wa aikin abokin hirata ne a teburin mai shayi. Ya ce yana neman mutum ɗaya a ƙauyenmu, can gefen Morai, mai tashi da wuri, wanda ba ya ƙarya. Ban ko ajiye kofina ba na ce, "Kawuna."

Kawu ƙanen Innata ne, shi ne ladanin masallacin ƙauyen, har sunansa ya ɓace, kowa Ladan yake ce masa. Tun da mahaifina ya rasu Inna ta koma gidan ubansu, tana sashenta yana nasa. Mutum ne da in ya sayar da akuya sai ya bi mai saye har bakin kasuwa yana lissafa masa cututtukan da ta taɓa yi. Wa zan kawo in ba shi ba?

Ma'aunin ba wani abin kirki ba ne, doguwar kwalba ce ta roba mai zane-zane a jiki, a kan sanda. Aka kafa ta a filin bayan gida. Aikin Kawu shi ne kullum da hantsi malamin gona ya kira shi a waya, shi kuma ya faɗa masa layin da ruwa ya kai, ya zubar, a jira gobe. Akwai abin da ba a gaya masa ba, kuma ni na sani. Damina ta lalace da wata sabuwar ɗabi'a: a yi ruwa guda mai kyau, kowa ya fita da sungumi, shuka ta tsiro, sai sama ta bushe mako uku, huɗu, tsiron ya ƙone. To duk ƙauyen da kwalbarsa ta nuna irin wannan ɗaukewar, za a kai masa irin gero mai saurin nuna a sake shuka. Malamin gona ya ce in rufe bakina, don in masu awo suka sani za su riƙa rage ruwan. Babu wanda ya kawo a ransa cewa akwai mai ƙarawa.

A wannan shekarar Inna ta shuka gayaunarta, 'yar gonarta ta kanta, sau biyu, sau biyun yana ƙonewa. Iri ya ƙare. Abin da ya rage a rumbunta na ci ne, shi ma ana jin ƙasan rumbun in an zura hannu, kuma tsohon irinmu ne mai jan lokaci, ko an shuka shi damina ba za ta jira shi ba. Gayaunar nan ita ce tuwonta na shekara, ita ce kuma abin da ya hana ta miƙa wa matan Kawu ƙwarya. Ni kuwa hankalina kwance, ina fama da jarrabawar yara, ina cewa ai kwalba na nan, iri zai zo. In na kira ta na ce, "Inna, ina ruwa?" sai ta ce, "Ruwa ya yi gyara." Haka ake amsawa a wurinmu ko ƙasa na tsagewa.

Rannan na je shan shayi, malamin gona ya tashi ya kama hannuna biyu. "Malam, barkanku! Wace addu'a kuke yi a garin nan naku?" Na ce wace iri? Ya ce a duk ƙauyukan ƙananan hukumomin nan uku, namu ne kaɗai, in aka cire makon farko, ruwa bai tsallake kwana biyu a jere ba. Garbadu ta bushe, ƙauyukan Bakura sun bushe, an riga an raba musu iri, mu kuwa ba mu da buƙata. Bai yi mamaki can ba, don yanzu ruwa kan sauka a wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi. Har manyansa za su zo ranar Asabar su ga wurin da idonsu. Na ajiye kofin, na biya mai shayi na tashi.

Washegari bayan sallar asuba na hau babur. Tun daga hanya na ga gonakinmu fayau, babu ko ɗigon kore sai ta wajen fadama. Na jingine babur na zagaya bayan gida, sai ga Kawu tsaye gaban kwalba, ya ɗage hannun riga, buta a hannu. Ya yi bisimilla, ya tsiyaya kaɗan, ya sunkuya ya duba layi, ya ga kamar bai yi ba, ya ƙara.

"Kawu! Me nake gani haka?"

Bai ko razana ba. Sai da ya tambaye ni kwana da gajiya da aiki da mutanen Mafara da yaran makaranta, ni kuma ina amsawa haƙorana a cije, sannan ya ce, "Ruwa nika sa ma kwalba."

Na ce ai na gani, ba makaho ba ne ni. Don me?

"Ɗana, bawan Allah wanga shi kira ni da hantsi, shi gaishe ni, shi gaida iyalina, in ce mai babu. Gobe shi kira, in ce babu. Kwana shida ina ce ma mutum babu, har na ji muryatai ta hwara sanyi. Baƙo ya zo gidanka kullum ka sallame shi hannu wofi? Kuma kai duba min nan. Bakin da nika kiran salla da shi, shi zan ɗauka in riƙa kai ƙarar Ubangiji wurin gwamnati?"

Na ce, "To ƙarya fa, Kawu?"

Nan ne ya ɓata rai. "Kul! Wa yai ƙarya? Abin da ke cikin kwalba anka tambaye ni, shi nika hwaɗi, ko rabin layi ban taɓa ƙarawa ba. Ba wanda ya taɓa tambaya ta inda ya hito."

Ashe har tsari gare shi. Ranar Juma'a yakan ɗan ƙara, don ranar albarka ce. Wani lokaci yakan bar kwana ɗaya babu, kada a ce garinmu ya cika son kai. Da na gaya masa abin da ake yi da awon, da irin da ya wuce mu, sai ya zauna a ƙasa, a nan gindin sandar, butar na tsakanin ƙafafunsa. Ya ce, "Har da na Yaya?" Na ce har da na Inna. Na so in ci gaba da faɗa, don raina ya ɓaci ƙwarai, amma na tuna ni ne na rufe bakina tun farko, sai na sake rufe shi.

Ranar Asabar baƙi suka iso da mota biyu. Babbansu ya sa dogon takalmin roba har gwiwa, na shiga taɓo. Ya sauko ya taka ƙasa, ƙasa ta yi masa tsit, ko danshi babu. Mai gari ya tara mutane a gindin durumi, aka yi gaisuwa mai tsawo, baƙon ya ce ina ruwa, jama'a gaba ɗaya suka ce ya yi gyara. Ya dubi takardar hannunsa, ya dubi gonaki, ya sake duban takarda. Ɗaya daga cikinsu ya ce wataƙila ƙasar wurin ce mai saurin shanyewa, ya ciro leda ya fara ɗibar ƙasa don a kai bincike. Wata mata a cikinsu ta ce ko kwalbar ce ke yin gumi. Da an bar su, na rantse sai sun rubuta littafi a kanmu.

Kawu ne ya miƙe. Ya faɗi komai, tun daga kwana shidan farko har ƙarin Juma'a, bai rage ba. Wasu suka fashe da dariya, sannan dariyar ta mutu da aka gane abin da ta ci. Wani dattijo ya ce, "Ladan, da ka shawarce mu ai da mun taya ka da tulu," ba wanda ya san ko zagi ne ko goyon baya. Babban baƙon ya bi takardar da yatsa, ya tsaya a wata Laraba da awon ya kai kusan bakin kwalba, ya ce wannan fa, rijiya aka juye? Kawu ya ɗaga hannu. "Wanga kam na Allah na. Na tahi jana'iza Garbadu na kwana, na dawo da hantsi na iske shi ciki. Ban taɓa buta ba." Mutane suka ce su dai ba su ga ruwa ranar ba. Ya ce to a kan kwalba ya sauka, Allah mai iko ne. Ya rantse, kuma Ladan in ya rantse an gama magana.

Iri dai ya ƙare, an rabe shi tas. Baƙi suka ba da haƙuri, suka cire kwalbarsu suka tafi da ita, har da ledar ƙasar.

Kawu ya ce in ɗauke shi a babur mu bi sauran masu awo, ko za a sami ragowa. Kwana biyu muna yawo. Na wani ƙauyen Bakura ya karɓe mu da fura, ya nuna mana tasa kwalbar: ya ɗinka mata hula da faifai, don kayan hukuma ne, kada ruwa ya lalata. Ƙauyensu buhu-buhu aka kai musu, kuma duk sun shuka. Na wajen Maradun ya ce tun makon farko matarsa ta ga kwalbar ta dace da awon man gyaɗa, shi kuma in an kira shi sai ya leƙa sama ya kimanta. Shi ma sun samu, sun shuka. Kowa ya yi wa Kawu jaje, kowa ya ce da mun zo da wuri. A hanyar dawowa ina jin goshinsa yana dukan bayana in mun faɗa rami.

Ruwa ya dawo bayan kwana tara, mai ƙarfi. Gonar Kawu tana bakin fadama, geronta ya sha wuya amma bai mutu ba. Da gari ya waye, Kawu ya idar da salla, ya shiga gonarsa ya fara tumɓuke geron, ba cirar da aka saba yi don rage cunkoso ba, kunya guda ya bari ya cire guda. Matansa suka fito suna salati. Ya ɗaure a kai, ya kai gayaunar Inna, ya dasa. Mutum mai shekara saba'in da wani abu, yana jigila cikin taɓo. Na ce ya bari a sa matasa, ya ce hannun da ya riƙe buta shi zai yi. Kwana huɗu ya yi yana wannan aiki, sannan ya bi gidajen gwauraye da tsofaffi da abin da ya saura. Dashen gero ba ya yin kamar shuka, kowa ya sani. Da kaka ta zo Inna ta sami abin da bai kai rabin na kullum ba, shi kuma gidansa mai baki goma sha wani abu ya shiga rani da rumbu rabi.

Duk tsawon lokacin nan Inna ba ta ce masa komai ba, ba zagi, ba godiya. Shirun nan ya fi cin sa fiye da yunwar. Ya rame, muryarsa a kiran salla ta koma siririya. Ranar da aka kawo damman gayauna gida ina nan, muna zaune a ƙofar ɗakinta da la'asar, sai ya zo ya durƙusa kamar ba mai furfura ba.

"Yaya, na cuce ki. Ki yahe min."

Inna tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tashi, Ladan, ƙasa da sanyi."

Ya ce ba zai tashi ba sai ta yafe.

Ta ajiye faifan. "Tun rana ta hwarko nika ganinka da buta ta katangar ɗakina. Ranar da ka tahi Garbadu na leƙa na ga abin nan a bushe. Na ce ƙanena shi dawo daga jana'iza da gajiya, baƙo shi kira, shi rasa abin ce mai? A gidan ubanmu?" Ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska. "Ni ban san layi ba. Ƙwarya guda na juye."

Kawu ya ɗago ya dube ta. Ni dariya ta taso mini da kuka a lokaci ɗaya, na rasa wanda zan fara.

"Yaya," ya ce, "na rantse a gaban mutane."

Ta ce, "Na ji ka. Ina bayan mata a tsaye." Hawaye na bin kuncinta, ta miƙa masa hannu. "Wata huɗu ke nan ban iya duban idonka ba. Kai za ka yahe min."